Bawa Ya Bi Na'ima da Ƙafa

Bawa mai taki ya daɗe rabonsa da gudu. Aikinsa zama ne a shago cikin kasuwar Bakura, yana auna wa manoma taki da irin shinkafa. Ko masallacin Juma'a da babur yake zuwa, tumbinsa kuma na riga shi shiga ko'ina.

Ɗiyarsa Na'ima ce ta jawo. Makarantarsu ta zaɓe ta ta yi tsere a gasar da za a yi a Talata Mafara, malamar wasanni kuma ta ce sai ta riƙa gudu kowace safiya. Uwarta Marka ta ce ba inda za ta ita kaɗai, don haka rakiya ta faɗo kan Bawa. Da gari ya fara haske Na'ima za ta sa dogon wando da ƙaramin hijabi ta kama bakin kanal, inda ruwan dam ɗin Bakolori ke bi zuwa gonaki. Shi kuwa yana biye a kan babur, yana hamma.

Wata safiya babur ya yi tari ya mutu. Ya buga, ya sake bugawa, shiru. Ya ɗaga kai ya ga Na'ima ta yi nisa. Ya ƙwala mata kira, ƙarar injin ban ruwa ta danne muryarsa. Gaba kaɗan hanyar ta lanƙwasa ta shige cikin masara, inda ba zai hango ta ba. Sai ya jingine babur jikin darbejiya, ya tattare riga, ya zura a guje.

Abokinsa Mamuda, da ke cikin gonarsa, ya miƙe a firgice.

"Malam Bawa, lahiya? Mi ya faru?"

"Lahiya lau, ɗiyata nike bi," ya ce, bai tsaya ba.

A wata ƙaramar gada ya cim mata, ta juyo ke nan. Ƙirjinsa kamar an hura gawayi, silifas ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Baba, ina babur?"

Ya zauna a bakin gadar yana haki. Da numfashi ya dawo, ya waiwaya ya hango darbejiyar can nesa, ta zama 'yar ƙarama. Iska mai sanyi na bugun zufarsa, kansa ya yi sakayau irin wanda ya manta ana ji. Sai dariya ta kama shi.

"Na'ima, dubi can. Tun daga can na taho da ƙafata."

Washegari cinyoyinsa suka riƙe, da ƙyar ya yi ruku'u. Marka ta dafa ruwa ta gasa masa, tana cewa, "Malam, wa ya aike ka tsere da yara?" An gyara babur a ranar, amma da jiki ya saki, a zaure ya bar shi.

Na'ima ta zama malamarsa. "Baba, kada ka zura kamar an koro ka. In ba ka iya magana kana gudu, to ka yi sauri da yawa." Ta sa shi ya yi sassarfa zuwa wancan icce, ya yi tafiya zuwa na gaba, ya sake ɗauka. Ranar kasuwar Mafara ya sayo takalmin kambas na gwanjo, ya dawo yana nuna wa kowa tafinsa. Duk manomin da ya zo sayen taki sai ya ji inda Bawa ya kai yau kafin a auna masa. Ran da ya isa gadar nan bai tsaya ba, har gona ya shiga ya faɗa wa Mamuda.

Ranar gasa filin ya cika da ɗalibai daga Mafara da Bakura da Maradun. Wata doguwar yarinya 'yar Maradun ta shige gaba tun farko, Na'ima na can tsakiya. Da aka shiga zagayen ƙarshe ta fara wuce su ɗaya bayan ɗaya. Bawa bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya bi ta bayan igiyar da aka kewaye fili, da kaftani, yana gudu yana kiran sunanta, mutane na darewa. Hularsa ta faɗi, bai waiwaya ba. Na'ima ta zo ta biyu, shi kuma ya iso kusan tare da ita, ya ɗaga hannunta sama kamar ita ta ci.

Da hayaniya ta lafa ya nemi malamar wasanni. Suka gaisa, ta tambayi gida da kasuwa, ya yi mata godiya.

"Malama, babu irin wannan na manya?"

Ta yi murmushi. "Ban taɓa ji ba a nan, Baba. Sai dai in kun haɗa da kanku."

Bawa ya yi mata sallama. Kafin su hau motar Bakura ya ciro waya ya kira Mamuda, ya tambaye shi lamba nawa yake sawa a takalmi.