Dutsen Emama Tiruwork

Tankokin yaƙi sun yini suna ratsa garinmu zuwa bakin kogi, rediyo kuma ba abin da yake sawa sai kiɗan soja. Janar Ashagre, wanda ya ƙwaci mulki da bakin bindiga, ya rantse gobe zai ƙetara ya koya wa Janar ɗin tsallake hankali. Wancan ma ya rantse. Duk a kan wani tsibiri da ko awaki ba sa sha'awarsa.

Mu uku gari ya tura fadar Janar mu roƙe shi ya fasa yaƙin: ni limamin masallaci, da abokina Abba Gebrekidan na coci, sai Emama Tiruwork. Tsohuwar tana da jikoki biyu a soja. Mesele yana rundunarmu, Goitom yana ta tsallake, don can 'yarta ta yi aure. In gari ya waye, ɗaya zai iya harbe ɗaya.

A mota Abba sai bitar jawabinsa yake yi.

"Shehu, in na iso kan Habila da Ƙabila, ka kawo mini ɗauki da aya."

"Ka dai gajarta," na ce. "Huɗubarka ta fi azuminku tsawo."

Emama kuwa ta rungume wani ƙunshi a mayafinta, ni na ɗauka guzurin injera ne, wainar ƙasarmu. A ƙofar fada soja ya buɗe ya leƙa, ya kau da kai da sauri, ya ba ta hanya.

Janar ya karɓe mu a tsaye, hafsoshinsa jere a bayansa. Abba ya yi jawabi mai kyau, ni ma na kawo ayata. Mutumin agogonsa kawai yake kallo.

"Kun gama? A ba su kofi su kama hanya."

Sai Emama ta kwance ƙunshin. Ashe ɗan dutsen niƙanta ne. Ta ɗora shi a ƙeya, ta sunkuya gaban takalmansa. Haka mai neman afuwa yake yi a wurinmu, kuma ba ya miƙewa sai wanda ake roƙo ya sauke dutsen da hannunsa. In ya sauke, ya amsa ke nan.

"Uwa, laifin me kika yi mini?"

"Ni na haifi uwar maƙiyinka, Goitom. Sojan tsallake ne. Ka yafe mini shi, kada ka ƙetara."

"A ɗauke mata abin nan!" ya daka tsawa.

Ba hafsan da ya motsa. Kakin jikinsu ne na birni, amma kowannensu a ƙauye aka yanke masa cibiya. Nauyin dutsen ya fara rinjayar tsohuwa, numfashinta ya yi sama. Wallahi na tsorata, na ce a raina mun kawo ta ta mutu a banza. Ta yi gaba luu za ta kifa, sai ga Janar ya cafe dutsen da hannu bibbiyu, tun kafin ya yi shawara da zuciyarsa.

"Ya sauke!" in ji Abba da iya ƙarfinsa. Matan da suka kawo kofi suka rangaɗa guɗa.

"Don kada ta mutu mini a falo ne!" in ji Janar.

"Ranka ya daɗe," na ce, "mu dai hannu muka gani."

Ya waiga ya dubi hafsoshinsa ɗaya bayan ɗaya, dutsen na hannunsa. Ya san kafin magariba labari zai kai bakin kogi, ya kuma san ba sojan da zai bi wanda ya sauke wa tsohuwa dutse sannan ya saɓa.

"Sai bayan girbi," ya ce cikin maƙoshi. "Amma in wancan mahaukacin ya fara harbi, babu ruwana."

Daɗi ya kama ni har na rungume Abba. Emama kuwa ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi, ta miƙa hannu.

"Ba ni dutsena, ɗana."

"Me kuma za ki yi da shi?"

"Kai na roƙa saboda Goitom. Saura Mesele. Ka sa mota ta kai mu gadar kogi tun da sauran rana, shi ma wancan Janar ɗin mace ce ta haife shi."