Abin da Malam Abdulmannan Ya Ji a Hasumiya

"Baba Yunusa, kama shi ta wancan hannun, zai faɗi."

Yunusa ya yar da kwandon kifin banda da ke hannunsa a bakin zauren, ya tari Malam Abdulmannan ta hammata. Tsohon ya yi nauyin da bai kai na buhun dusa ba. Ya saka hula a karkace, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, yana ta kokawa da 'yarsa Shamsiyya a kan lallai sai ya fita.

"Ina za ka, Malam, da wannan jikin?"

"Tasha. Jahun za ni."

"Jahun kuma? Wa gare ka a Jahun?"

Tari ya sarƙe shi. Suka mayar da shi ɗaki suka kwantar, amma ƙafafunsa ba su daina motsi a kan katifar ba, kamar mai taka keken ɗinki. Shamsiyya ta ja Yunusa gefe ta ce kwana uku ke nan haka yake. Tun da aka sallamo su daga asibiti aka ce a dawo da shi gida a ci gaba da addu'a, ba ya zama, ba ya kwanciya, kunu ma sai ya kurɓa sau biyu ya ture.

Shekara goma sha ɗaya Yunusa ya yi yana katanga ɗaya da mutumin nan a Haɗeja. Abin da unguwa ta sani game da shi kaɗan ne: ya yi aiki a wani filin jirgin sama a kudu, a cikin hasumiyar nan mai gilashi inda ake ba jirage umarnin sauka da tashi. Da ya yi ritaya ya dawo gida ya kama noman shinkafa a fadama. Mutum ne da in ya aike ka sai ya ce ka maimaita masa saƙon, in ka tsallake kalma ɗaya ya gyara maka. Har tsokanarsa ake yi da haka a majalisa. Yunusa kuwa girmama shi yake, yana ganin bai taɓa haɗuwa da wanda ya kai shi kiyaye magana ba.

Malam ya yafito shi da hannu.

"Yunusa, tunda kun hana ni, kai ka je. Akwai wani Ja'afar a Jahun, Kyaftin ake ce masa, yana kiwon kaji a bayan gari. Ka ce Abdulmannan na hasumiya ne yake roƙonsa ya zo. Ka ce masa na ji."

"Ka ji me?"

"Haka kawai za ka ce. Maimaita min."

"Abdulmannan na hasumiya yana roƙonka ka zo. Ya ce ya ji."

Malam ya gyaɗa kai, ya juya fuska bango.

Da safe Yunusa ya bar wa matarsa kifin, ya hau mota. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya tumbatsa, gonakin shinkafa a gefen hanya duk sun koma tafki, sai kan zangarniya kake hange. Kafin a kai garin Kafin Hausa sai da fasinjoji suka sauka suka naɗe wando, direba ya lallaɓa motar ta cikin ruwa. Yunusa yana tafe yana juya saƙon a ransa. Me mutum zai ji da zai hana shi mutuwa cikin natsuwa?

Bai sha wahalar gano gidan gonar ba. Ya tarar da wani dogon dattijo, fari, da furfura a gemu, sanye da takalmin roba yana duba mazubin ruwan kaji. Suka gaisa. Yunusa ya faɗi saƙon kamar yadda aka ba shi.

Dattijon ya tsaya da bokiti a hannu, bai ajiye ba, bai kuma ci gaba da zubawa ba.

"Yana raye ashe."

"Yana raye, ranka ya daɗe, amma jikin ya yi nisa."

"Shekara ashirin da biyu," Kyaftin Ja'afar ya ce. "Ya san inda nake. Ni ma na san inda yake. Sai yau ya ji?"

Kyaftin ya shige cikin kejin ya bar shi tsaye a rana. Ya jira har ya fara tunanin komawa tasha, sai ga dattijon ya fito ya canza riga, makullin mota a hannu.

A hanya ne Kyaftin ya ba shi labarin, idonsa a kan kwalta. Tare suka yi makarantar koyon aikin jirgi, su biyu kaɗai 'yan wannan yanki a ajinsu, ɗaya ya zama matuƙi, ɗaya ya hau hasumiya. Wata ranar Laraba da la'asar, ana ruwan sama, Ja'afar yana riƙe da jirgi cike da fasinja, sun yi awa biyu suna jiran hadari ya wuce. Abdulmannan ne a kan aiki. Ya ba shi umarni ta rediyo ya hau titin jirgi ya tsaya ya jira, domin akwai motar masu gyaran fitilu a can ƙarshen titin. Ƙa'idar aikin ita ce duk umarnin da aka ba matuƙi sai ya maimaita, na hasumiya ya saurara, in da kuskure ya gyara nan take.

"Ni kuma kunnena ya ji abin da raina yake so. Na maimaita cewa an ba ni izinin tashi. Shiru, ba a gyara min ba. Na saki jirgi."

Sai da ya yi nisa da gudu ya hangi motar cikin ruwan. Ya taka burki, ya karkata, jirgin ya sauka daga kwalta ya nutse a laka. Fasinja ko ɗaya bai mutu ba. Amma fiffike ya daki motar, ya kashe wani mai gyaran wuta, Umara, da yake durƙushe a gefenta.

"Kwamitin bincike ya saurari faifan da aka naɗi maganganunmu na rediyo. Daidai inda nake maimaitawa akwai ƙarar wani jirgi da ya shigo layi. Suka tambayi Abdulmannan ko ya ji ni. Ya ce ƙarar ta rufe muryata, bai ji ba. Aka karɓe lasisina. Shi aka ja masa kunne, ya koma kujerarsa."

Yunusa ya dubi ruwan da ke wucewa ta taga. Ya ji kamar an ba shi labarin wani mutum dabam, ba maƙwabcinsa ba.

Sun iso bayan la'asar. Shamsiyya ta shimfiɗa darduma, ta kawo ruwa, za ta fita mahaifinta ya ce ta tsaya. Yunusa ma ya miƙe, Malam ya ce shi ma ya zauna, yana son shaidu.

Tsofaffin biyu suka dubi juna.

"Ka tsufa, Ja'afar."

"Kai ma ba ka ƙara yarinta ba. Ga ni, faɗi."

Malam ya yunƙura, Shamsiyya ta sa masa matashi a baya.

"Na ji ka ranar nan. Ƙarar ta shigo, gaskiya ne, amma na ji ka sarai ka ce za ka tashi. Akwai wani jirgi a sama, mansa ya yi ƙasa, yana ta kirana. Na ce a raina bari in sallame shi in dawo kanka. Ban fi daƙiƙa goma ba. Da na ɗago kai har ka saki."

Ya tsaya ya nemi numfashi.

"A gaban kwamiti na ce ban ji ba. Shamsiyya tana goye lokacin, uwarta ba lafiya. Na ji tsoro. Ba uzuri nake kawowa ba, abin da ya faru nake faɗa."

Shamsiyya ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta.

"Na sani," Kyaftin ya ce. "Tun a ranar na sani. Kai da ko a makaranta ba ka barin kuskuren lamba ɗaya ya wuce ka? Na zauna a gaban kwamitin ina kallonka kana cewa ba ka ji ba. Ka san abin da ya biyo baya? Shekara huɗu ina yawon ofisoshi. 'Ya'yana a makaranta ana nuna su, ana cewa ubansu ne ya kashe mutum da jirgi."

"Ka yafe min."

"Tsaya tukuna." Kyaftin ya gyara zama. "Akwai wanda kai ma ba ka sani ba. Kafin in saki burki na hangi wani ɗan haske yana walƙiya a can gaba. Na ce wa kaina a gefen titi yake. Ban tambaye ka ba, don na san in na tambaya za ka ce in jira, ni kuma na gaji da jira. Wannan ban faɗa wa kwamiti ba. Da ka yi magana da na tsaya. Da na tambaya da ka tsayar da ni. Kowannenmu shi kaɗai ya isa ya ceci mutumin nan."

Daga waje ana jin mai keke yana ta hon a lungu.

"Nawa na yafe," Kyaftin ya ce. "Ban zo da niyyar yafewa ba, amma na yafe. Na Umara kuwa ba a hannuna yake ba."

"Iyalinsa fa?"

"Na neme su bayan shekara biyu. An ce matar ta kwashe yaran ta koma garinsu, babu wanda ya san sunan garin."

Yunusa ya zaci bayan wannan Malam zai samu ya runtsa. Bai samu ba. Ƙafafun suka ci gaba da motsi. Ya sa Shamsiyya ta ɗauko takarda ta rubuta abin da ya faɗa, ta karanta masa, ya gyara kalma biyu, ya sa hannu da ƙyar, Yunusa ya dangwala yatsa a ƙasa. Ya miƙa wa Kyaftin ya ce ya kai wa hukuma. Kyaftin ya ce rabin 'yan kwamitin sun rasu. Malam ya ce duk da haka ya kai. Sannan ya shiga tambaya: matar Umara Aisa sunanta ko Aziza? Yaran biyu ne ko uku? Babu wanda ya iya ba shi amsa.

Kyaftin ya kwana a ɗakin baƙi na Yunusa. Washegari da hantsi, suna zaune a zaure, Shamsiyya ta leƙo ta ce su shigo. Malam yana ta jan zanen gadon da yatsu. Kyaftin ya durƙusa ya riƙe hannun, ya shiga karanta masa kalmar shahada a hankali, yana yi yana tsayawa. Leɓen Malam ya motsa ya bi shi sau ɗaya, har ƙarshe. Jim kaɗan ƙafafun suka tsaya.

Bayan azahar aka kai shi. Yunusa yana cikin masu ɗaukar makara, yana tafe yana rasa inda zai ajiye mutumin a ransa, wanda ya sani shekara goma sha ɗaya ko wanda ya sani jiya. A bakin kabari ya tuna Shamsiyya ba ta da ɗan'uwa namiji da zai shiga, sai ya tuɓe takalmi ya sauka. Da ya ɗago kai don a miƙo, Kyaftin ne a ɗaya gefen ramin, ya naɗe hannun riga.

Aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Yunusa ya ɗauka baƙon zai yi sallama ya kama hanya tun da sauran rana, sai ya ga ya nemi wuri ya zauna a jikin bango. Masu ta'aziyya suka fara zuwa, manoman fadama da 'yan kasuwar kifi da mutanen masallaci. Ba su san shi ba. Ganin furfurarsa da inda ya zauna, suka ɗauka ɗan'uwan mamacin ne, kowa ya zo shi yake fara miƙa wa hannu.

Wani tsohon masunci, Shu'ibu, ya jingine sandarsa, ya durƙusa a gabansa.

"Ya haƙuri, Alhaji? Yayanka ne ko ƙane?"

Kyaftin ya dubi Yunusa, sannan ya juyo ga tsohon.

"Tare muka yi aiki," ya ce. "Haƙuri da godiya."

Ya matsa gefe ya ba tsohon wuri a kan tabarmar, suka ɗaga hannu tare.