Canji Na Biyar

A ƙungiyar kowa Anti yake ce mata, har Koci da ya ba ta shekara goma. Shekararta talatin da biyar, goma sha huɗu daga ciki a bakin raga ta yi su, kuma duk wanda ya ga hannunta ba sai an gaya masa sana'arta ba: yatsu biyu sun karkace, ɗaya kuwa ya daina lanƙwasuwa tun tuni. Ƙungiya huɗu ta tsare wa gida. Ta zo ta biyu sau uku, amma kofin lig ko da wasa bai taɓa shiga hannunta ba. Sai a kakar da ta riga ta yanke cewa ita ce ta ƙarshe, sannan ƙungiyarsu ta tashi cin wasa kamar an aiko ta, ita kuwa tana zaune a benci.

Wadda ta karɓe mata ragar wata doguwar yarinya ce 'yar shekara goma sha tara, ana ce mata Kyanwa saboda tsalle. Abin haushin ma, Anti ce ta raine ta. Ita ta koya mata yadda ake faɗuwa ba a ji wa kafaɗa ciwo ba, ita ta koya mata yi wa masu tsaron baya tsawa ko da sun haife ta. Wasa biyu na farkon kaka Anti ce ta tsaya. A na biyun wata ƙwallo marar ƙarfi, irin wadda ko tsohuwa za ta tare da zani, ta bi ta tsakanin ƙafafunta ta shige. Daga ranar Koci ya ce a bari yarinya ta gwada. Yarinya ta gwada, gwaji ya zama zama.

Ta ƙara samun biyu a tsakiyar kaka, ranar da aka ba Kyanwa jan kati da kuma wasan da ya biyo baya. Huɗu ke nan cikin ashirin da ɗaya. Ga shi dokar hukumar gasar ta ce ba a rataya wa 'yar wasa lambar zinare sai ta buga wasa biyar. Ko minti ɗaya ne, in dai ƙafarki ta taka fili an rubuta lambarki, to an ƙirga. Wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya rubuta wannan doka, lalle bai taɓa tashi da asuba ya sha ƙwallo ɗari biyu a ƙirji don wata ta yi suna ranar wasa ba.

A gida ma ba ta tsira ba. Ita da mahaifiyarta ne a ɗaki biyu da falo, hawa na uku, kuma duk ranar wasa in ta turo ƙofa da jaka a kafaɗa, Mama na kan kujera da tabarau a hanci tana jiran ta.

"Sannu da zama, 'yar nan. Yau ma an sha zama?"

"An sha, Mama."

"To Allah ya ba da lada. Ni dai ban taɓa ganin aikin da ake sa wa takalmi mai ƙusa don a je a zauna ba."

Dariya Anti take yi, don ta san tsohuwar ba da mugunta take faɗa ba. Amma maganar tana sukar ta, kuma ko ta shiga wanka tana jin ta a kunne.

Ana saura wasa ɗaya suna saman tebur da tazarar maki ɗaya, dole su ci na ƙarshe. Ranar atisayen ƙarshe ta tarar da Koci a ɗan ofishinsa da ke ƙarƙashin matakalar fili, inda buhunan ƙwallo suka cinye rabin wurin. Shekara goma sha huɗu ba ta taɓa roƙon a sa ta ba, ranar kuwa ta roƙa.

"Koci, huɗu gare ni."

"Huɗu me?"

"Wasa. Sai biyar ake ba da lamba."

Ya dafe goshi. "Kai, Anti, wallahi na sha'afa. Ki kwantar da hankalinki. In dai muna gaba da ƙwallo biyu, minti biyar ɗin ƙarshe naki ne. Ko ni na mutu a bakin fili sai kin shiga."

Da wannan alkawarin ta lallaɓa Mama ta zo kallo, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta samo mata kujera a inuwa, layi na biyar, daidai bayan benci.

Wasan ya zo musu da sauƙi fiye da yadda suka zata. Kafin hutun rabin lokaci sun ci ɗaya, aka dawo ba da jimawa ba suka ƙara. A ƙa'ida kowace ƙungiya na da canji biyar, amma sau uku kawai aka yarda ta tsayar da wasa don yin su. Wannan lissafin ko mai sayar da ruwa a bakin fili ya san shi. A minti na sittin Koci ya canza 'yan tsakiya biyu a tare, tsayawa ɗaya ke nan. Minti goma bayan haka wata mai tsaron baya ta gurɗe, aka fitar da ita, tsayawa biyu. Anti ta miƙe ba wanda ya ce mata, ta fara ɗumama jiki a gefen layi, gabanta na faɗuwa kamar ranar da ta fara buga ƙwallo.

Sai 'yar gabansu ta jefa ta uku. Fili ya rikice, Koci ya rikice fiye da filin. Ya yi tsalle, ya rungumi mataimakinsa, hularsa ta faɗi bai ma sani ba. Cikin wannan zumuɗin ya ga ya kamata yarinyar da ta ci biyu ta fito ita kaɗai a yi mata tafi. Anti na can ƙarshen layi kusa da tutar kwana tana miƙa cinya, sai ta ji filin ya ɗauki tafi. Ta ɗago kai ta hango an ɗaga allon canji sama. Ta taho a guje tana ɗaga hannu tana kiran Koci, amma wa zai ji ta? Kafin ta iso an riga an canza.

Shi bai ma gane abin da ya yi ba. A minti na tamanin da biyar ya waiwayo yana washe baki kamar mai rabon kyauta.

"Anti! Sa safar hannu, lokacinki ya yi."

Ta san an gama, amma ta sa. Ta karɓi takardar canji ta kai wa alƙaliya ta huɗu, mai riƙe da allo. Matar ta duba littafinta, ta dubi Anti.

"Ai tsayawarku uku ta cika."

"Huɗu muka canza!" in ji Koci. "Saura ɗaya!"

"Saura mutum ɗaya, amma ba saura tsayawa. Koci, kai ma ka sani."

Ya sani ɗin. Ya shiga neman hularsa a ƙasa don kada ya haɗa ido da ita. Anti ta tsaya a kan layi da safar hannu, ba ta shiga ba, ba ta koma ba. Daga bayanta ta ji muryar Mama tana tambayar na kusa da ita, "Yanzu ne za ta shiga ko?"

Saura minti ɗaya a cika casa'in abokan karawa suka samu bugun kwana. Kyanwa ta fito ta naushe ƙwallon, wata ƙatuwar 'yar gaba ta taho da gudu, goshinta ya sami yarinyar a gefen kai. Ƙarar har benci. Kyanwa ta zube, hannunta biyu a ka.

A benci kowa ya tuna abu ɗaya. In buguwar kai ce, ana ba da ƙarin canji ko da an gama tsayawa uku, Anti ta samu shiga ke nan. Amma wadda aka fitar da sunan buguwar kai sai ta yi kwana goma sha biyu ba ta taɓa ƙwallo ba, ga shi an kira Kyanwa sansanin tawagar ƙasa karo na farko, jibi za ta tafi. Likitar ƙungiya ta ruga da jakarta. Anti ba ta jin abin da ake faɗa daga inda take, amma tana da ido. Ta ga Likita ta durƙusa tana tambaya. Ta ga hannun Kyanwa ya sauka a hankali daga kai ya koma kafaɗa. Aka fesa wa kafaɗar magani, yarinya ta miƙe, fili ya yi mata tafi.

Aka busa tashi. Aka shimfiɗa jan kafet, aka kawo lambobi a faranti, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar da ta buga minti bakwai-bakwai sau biyar ta samu. Anti ta tsaya a gefe tare da masu ɗaukar kaya, tana tafi har hannunta ya yi zafi, don kada a ce ba ta yi ba. Koci ya raɓo ta ya ce a hankali za su rubuta wa hukuma takarda, in ta ƙi kuwa shi zai sa a ƙera mata irinta sak. Ta ci gaba da tafi. Ji ta yi in ta buɗe baki abin da zai fito ba zai maidu ba.

A ɗakin canza kaya waƙa ake ana buga kabad da takalma. Ta zare jiki ta shiga banɗaki don ta samu inda za ta yi kukanta ba a gani ba. Sai ta tarar wata ta riga ta. Kyanwa ce sunkuye a kan kwamin wanke hannu tana amai, lambar na reto a wuyanta tana bugun famfo.

Anti ta rufe ƙofa. Ta kamo haɓar yarinyar ta juyo da fuskarta wajen haske, ta dubi idanun.

"Nawa aka tashi?"

"Mun ci, Anti."

"Na san mun ci. Nawa?"

Kyanwa ta ƙifta ido. "Biyu?"

"Wa ta ci ta farko?"

Sai yarinyar ta fashe da kuka, ta riƙe mata riga. "Anti, don girman Allah kar ki faɗa. Jibi ne fa. In ban je ba wata za su ɗauka, kin san in wata ta shiga raga ba ta fita. Barci kawai zan yi ya wuce." Ta cire lambar daga wuyanta, ta tura mata a tafi. "Ga ta, ki riƙe, wallahi na bar miki. Taki ce ma ai."

Lambar ta fi yadda Anti ta zata nauyi. Shekara goma sha huɗu tana son ta ji wannan nauyin, ga shi ta ji shi a banɗaki a matsayin toshiyar baki, igiyar duk ta jiƙe. Ta ajiye ta a gefen kwamin, ta fita ta ratsa masu rawa, ta dafa kafaɗar Likita ta ce ta zo ta ga Kyanwa, ba kafaɗa ba ce.

Cikin minti goma waƙa ta mutu. Likita ta fito fuska a ɗaure ta ce asibiti za a wuce da yarinyar yanzu a yi mata hoton kai, sansani kuwa sai dai wani karon. Ɗakin ya juyo gaba ɗaya yana kallon Anti. Kyaftin, wadda suka shekara shida suna kwana ɗaki ɗaya a otal in an je wasan waje, ita ta fara magana.

"Haba, Anti. Saboda lamba?"

"Amai take yi. Ba ta san nawa aka tashi ba."

"Da kin bari ta je ta dawo mana. Kwana biyu ne fa."

Wata daga can baya ta ce ai dama an san za a yi haka, tun da aka hana ta shiga take kumbure-kumbure. Ba wadda ta ce mata ta yi shiru. Likita ce kaɗai za ta iya wanke Anti, ita kuwa tana can tana waya da asibiti.

Aka fito da Kyanwa, mutum biyu na riƙe da ita, an yafa mata tawul a ka saboda haske. Da suka zo daidai bencin da Anti ke zaune tana kwance igiyar takalmi, yarinyar ta tsaya, ta ɗaga tawul ɗin.

"Yanzu hankalinki ya kwanta, Anti?"

Suka wuce da ita. Anti ta san daidai ta yi, ko 'yar cikinta ce haka za ta yi mata, ko da kuwa lamba goma na rataye a wuyanta. Ta maimaita wa kanta wannan har sau uku tana jan igiyar. Amma tambayar ta ƙi barin ta, har dai ta leƙa zuciyarta don ta ƙaryata yarinyar. Ta tarar da tsoro, ta tarar da tausayi, a ƙarƙashinsu kuma ta tarar hankalin nata ya ɗan kwanta ɗin.