Carbin Dakta Mamduh

Ni na koya wa Inshira wanke hannu a makarantar koyon aikin jinya ta nan garinmu Sohag, tun tana 'yar shekara goma sha takwas. Shi ya sa ranar da Dakta Mamduh, babban likitan tiyata, ya tsayar da ita a tsakiyar ɗakin maza ya ce ta wanke hannu majinyata na kallo, sai na ji kamar ni aka tsayar.

Ɗinki bakwai ne suka yi mugunya cikin wata guda a ɗakin da take shugabanta, har wani dattijo ya rasu.

"Ke 'yar ƙauye," in ji shi, "hannun da kika saba kwashe kashin shanu da shi kike taɓa mini aiki?"

Aka sauke ta daga shugabancin ɗakin, aka mai da ta wajen ninke zannuwan gado. Saura wata biyu kwamiti ya zauna kan batun korarta.

Ta zo gidana, na zuba mata shayi, ta bar shi ya huce.

"Malama, wallahi sai ya sha kunyar da na sha."

"'Yata, ba ki da sanda sai hujja. Ki zuba ido, ki rubuta abin da kika gani, ban da abin da zuciya ta raya miki."

Mai kai zannuwa ba wanda ke lura da ita. Sati uku tana shiga ɗakin lokacin zagayen safe. Dakta kan wanke hannu tsaf, wannan kam ba ta musa ba. Amma da ya bar bakin famfo sai ya zaro carbin da ya gada wurin mahaifinsa, ya yi ta ja yana sauraron majinyaci, sannan ya ɗaga bandeji ya latsa gefen ɗinki da yatsa. Gado na gaba ma haka. Ɗinki biyar suka sake ruɓewa bayan an cire ta, kuma duka shi ya buɗe su.

Ranar darasin tsafta da nake yi wa ma'aikata, na bar ta ta raba ƙananan farantan gwaji, waɗanda ƙwayoyin cuta ke tsirowa a kansu. Kowa ya wanke hannu ya danna yatsunsa. Dakta ya yi nasa yana dariya. Ni kuwa na ja bayani, na ja, har ya ƙosa ya zaro carbi. Sai ga Inshira da faranti na biyu.

"Ranka ya daɗe, a ƙara mana ɗaya, mu samu albarka."

"Au, ba a kore ki ba tukuna?" Ya danna mata.

Bayan kwana uku ta ajiye farantan biyu gaban shugaban asibiti, da takardar ɗakin gwaji. Na farko fes. Na biyu ya cika da ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa, irin ƙwayar da aka samu a mugunyar majinyatan.

Dakta ya dubi farantin, ya dubi carbinsa.

"Carbin nan sau uku ya je Makka," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Kullum kuma yana zagaya gado ashirin da huɗu, ranka ya daɗe," in ji Inshira.

Aka janye batun kora, aka mayar mata da ɗakinta. Yanzu kowace safiya takan tsaya bakin ƙofa da ɗan kwano. Dakta ya ajiye carbi a ciki, ya nufi famfo, ita kuma tana duban agogo, tana ɗaga murya yadda na gadon ƙarshe zai ji.

"Tsakanin yatsu, Likita. A'a, sake."

Tun daga nan ɗinki bai ƙara ruɓewa ba. Na ja ta gefe na ce ta rage murya, ai shi sau ɗaya ya tsayar da ita.

"Mutum ashirin da huɗu suka kalle ni ran nan, Malama," ta ce, tana gyara ɗankwalinta. "Yau kwana na goma sha ɗaya, saura goma sha uku."