Hancin Auta a Cikin Kwamfuta

Shekara uku ke nan Auta tana numfashi da baki. Likitoci biyar sun haska mata fitila a hanci, kowa ya ce bai ga abin a-zo-a-gani ba. Ta shida ce ta sa aka ɗauki hoton cikin kan yarinyar, ta ce kwamfuta za ta hura iska a hoton, a ga inda take maƙalewa.

Ranar da suka koma, Tela ya ɗosana a bakin kujera, riƙe da hannun 'yarsa. Ɗakin sanyi ƙalau, ba taga. Likita ta juyo musu da allon kwamfutar.

Ba fuska, ba ido, ba fata. Kogo biyu ne masu ruwan toka, rataye a cikin baƙi. Likita ta danna wani abu, sai kogunan suka ja numfashi. Zare-zare shuɗɗa suka shiga, suka fita, suka sake shiga. Tela ya dubi allon, ya dubi Auta. Ga 'yarsa a zaune baki buɗe, ga hancinta can yana shaƙar iska ba da ita ba.

"Baba, ya fi ni iyawa," in ji Auta.

"Rufe bakinki."

"In na rufe ai sai gawata."

Likita ta nuna kogon hagu, inda zaren ya cukurkuɗe ya yi ja. "Nan za mu yanka ranar Litinin." Ta shafe wurin a allo, iska ta wuce sumul.

Tela ya san yanka, in almakashi ya shiga yadi ba ya dawowa. Ya dubi Auta, ya ga yatsanta yana jan kuncinta na dama, yadda ta saba in abin ya matsa mata.

"Likita, a gafarce ni, ban yi karatu mai zurfi ba. Yarinyar cikin allon nan, hagu ke damunta. Tawa kuwa dama ce."

Likita ta daɗe tana kallon yatsan. "Ranar hoton, kun jima kuna jira?"

"Awa uku. Har ta kwanta a benci, kanta a cinyata."

"Ta wane gefe?"

"Hagu," in ji Auta.

"Gefen da aka kwanta a kai yakan kumbura na ɗan lokaci," in ji Likita a hankali. "Wannan lokacin kwamfutar ta kama ta riƙe." Ta ja biro ta soke Litinin. "Za mu sake hoto."

"Wannan ɗin fa?"

"Gogewa zan yi, Baban Auta."

A nan ya lura ƙirjin yarinyar yana tashi daidai da shigar zaren, yana sauka daidai da fitarsa.

"Don Allah ki bari ya fitar da numfashin tukuna."

Ta jira, sannan ta danna. Allon ya yi baƙi ƙirin. Tela ya ƙirga har bakwai a zuciyarsa kafin ƙirjin Auta ya sake tashi.