Ƙwallon Baba Madu

"Ba wannan ba," in ji Baba Madu, ya kawar da kai daga ƙwallon ƙafar da na aro masa.

Na tsaya sororo da ita a hammata. Tun safe ya ƙi kunu, ya ƙi magani, abu ɗaya yake maimaitawa: a jefo masa ƙwallo. Katanga ce kawai ta raba gidajenmu a ƙauyenmu na bayan Ɗambatta, kuma duk wanda ya dubi idonsa ran nan ya san lokaci ya ƙure.

Labarin dai mun sha ji. Wai da ƙuruciya a Legas ya yi sana'ar wani wasa, besbol, yana tsugune bayan mai sanda yana cafe ƙwallo. Da gwiwa ta gaza, aka ba shi riƙon ƙungiyar. Mu kai kawai muke gyaɗawa. Ni kam har yau ban gane yadda za a biya ƙato albashi don ya tsuguna ba.

"Inna Falta, wace ƙwallo kuma yake nufi?" na tambayi matarsa.

"Ina na sani, Basiru? Kayan wasan nasa duk na ba su aiki. Safar hannun nan tasa ta fata da ita nake sauke tukunya." Sai ta dafe ƙirji. "La ilaha! Ko fara ce, mai jan ɗinki? Ai tana akurki. Ita nake bar wa kaza in na kwashe ƙwai, don kada ta sauya wurin saka."

Kazar ta sare ni a hannu kafin na zaro ƙwallon. Na goge ta da bakin riga, Inna Falta ta zura masa safar, duk baƙin tukunya. Yatsunsa karkatattu suka shige kamar jiya ya cire.

Na latsa ƙwallon na ji taurinta. Dutse ne fa aka naɗe da fata. Yaya zan jefi mara lafiya da wannan? In ta same shi a ƙirji me zan gaya wa mutane?

"Baba, in miƙo maka mana."

"Ja baya," ya ce. "Har bakin ƙofa. Jefo."

Na yi bisimilla na jefa a tsorace. Hannun da ya kasa riƙe ludayi ya zabura, sai muka ji ɗas!

"Ta yi ƙasa," ya ce, yana murmushi. "Ɗaga kafaɗa. Sake."

Na matso in karɓa in sake. Na ja, ya ƙi saki. Na ƙara ja, har ina cewa, "To Baba, sakar mini mana." Sai da Inna Falta ta fara salati na gane. Ban san kukan me nake yi ba, rasuwar ko jifan da ban gyara ba.

Da muka dawo daga maƙabarta na leƙa gidan. Safar tana rataye kusa da murhu. Kazar kuwa tana ta zagaya akurki, ta leƙa ta fito, ta leƙa ta fito.