Inda Muryar Mani Ke Tsinkewa

…a nan dai. Kullum a nan take tsinkewa, daidai ƙashin wuya. Mani yana tsugune a bayan rumbu, tafin hagu a ƙirji, na dama a tsakiyar kai, baki a rufe. Mmmm… Ƙirjin yana rawa a ƙarƙashin hannunsa, lafiya lau, kamar da. Yana jan sautin sama a hankali, sama, sama — tsit. Sai wani ɗan kuka irin na zakaran da bai gama koyon cara ba. Mawaƙin noma guda, shekara ashirin yana ta da gayya daga Ruwan Godiya har Sabuwa, yau ga shi da hantsi yana cara a bayan rumbu, akuya na kallonsa.

Kuma yau ce gayyar. Yau, ba gobe ba. Mutum arba'in Alhaji Muttaka ya kira huɗa a gonarsa ta bakin daji, ta farko a shekara uku. Wa ya aike shi cewa to? Alhajin ne ya zo da kansa, ya zauna a dakali. "Mani, in suka ji ka za su tsaya. In ba su ji ka ba, kowa zai saɓa garmatai ya koma gida." Shi kuma ya ce to. Bakinsa dai, bakinsa.

Muryar ƙirji ta ishi na kusa. Amma na can ƙarshen kunya fa? Wanda ke dab da itatuwa, yana huɗa yana waige? Shi sai da muryar kai, siririyar nan mai tafiya, a kira sunansa da na kakansa har ya manta da abin da ke bayansa. Kuma ba a tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Sai an haɗa su, ɗaya ta narke cikin ɗaya, yadda ba mai jin wurin ɗinkin.

Baba Gide, Allah ya jiƙanka, kai ka koya masa. Ga randa nan babu ruwa, ga kansa a ciki, ga ka tsaye da tsumagiyar da ba ka taɓa duka da ita ba. "Ɗaki biyu ne, da ƙohwa tsakani. Mi kake bankarta? Kak ka tura, ka hau sannu, ita ka buɗewa da kanta." Wata shida kansa a randa, uuuu daga ƙasa har sama, daga sama har ƙasa… To yanzu ta ƙi buɗewa, Baba. Ya sha zuma. Ya tauna citta da kanumfari har harshensa ya mutu. Har Ƙanƙara ya je wurin likita, aka leƙa maƙogwaro da fitila aka ce ba komai. Ba komai! To ina ta tafi?

Sake. Hamma tukuna, a saki muƙamuƙi. Ngggg… harshe a ganɗa, sauti ta hanci. Ƙasa. Tsakiya. Ga wurin nan yana zuwa, ga shi — wuya ya ƙulle. Tsoro yake ji, tsoro sosai, kuma haushin kansa ya fi tsoron yawa.

Akwai gwajin kaɗa leɓe, wanda ya fi kowanne sauƙi. Brrrr, a bi da shi sama. Wancan makon ya gwada sau ɗaya, Khadijatu matarsa ta saki ƙwarya ta suri 'yarsu ta yi bayan gida da gudu. Babur ta ji. Da ta gane shi ne ba ta yi faɗa ba, ta zauna a ƙasa tana tsince gero ɗaya-ɗaya. Bai ƙara ba.

Shekara uku ana noma kamar ana sata. Ba ganga, ba kirari, ko tari sai a cikin hannun riga. Ranar da 'yan bindiga suka zo yana tsakiyar kiran Nasir, manomin da ke ƙarshen kunya, murya can sama, ido a rufe… Kowa ya ji baburan ban da shi. Kowa ya watse, shi yana ta waƙa, Nasir kuwa ya tsaya jin sunan kakansa. Wata huɗu Nasir ya yi a daji. Ya dawo, suna gaisawa, bai taɓa ta da maganar ba. Yau ma yana cikin arba'in ɗin.

Ganga. Daga gona take, makaɗi ya fara gwada fata. Sau ɗaya dai, na ƙarshe. Hannu a ƙirji, hannu a ka. Sannu… kada ka tura… uuuu… ƙirji yana sakewa, goshi ya fara zuga, tafin dama yana jin rawar — ta wuce! Wallahi ta wuce, ta cika ƙoƙon kai, ta cika kunnuwa, ba ganga, ba akuya, ba komai a duniya sai ita —

Ya yanke.

Ba tsinkewa ta yi ba. Shi ya yanke ta, yana ji, da kansa. Ga shi tsaye, bai san sa'ad da ya miƙe ba, kai a karkace wajen daji, yana saurare. Ashe haka yake yi kullum? In ta shiga kai kurma yake zama, kuma a gayya sai ya daɗe a can sama, baiti bayan baiti, ba ya jin komai, mutum arba'in sun ba daji baya saboda shi…

Gangar ta canza, yanzu takensa take bugawa. Suna jira. Ƙafa ɗaya ta taka, ɗayar ba ta bi ba. In ya hau, Baba, wa zai saurara musu?